Hoton da Ya Sauko daga Sama: Wa Ke Riƙe da Mabuɗinsa?

A watan Afrilun 2023 wasu ƙwararru na kamfanin Thales na ƙasar Faransa suka kutsa cikin wani ƙaramin tauraron ɗan'adam na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai mai suna OPS-SAT, yana can yana kewaya duniya. Hukumar ce da kanta ta ba su izini su gwada ƙarfinsu. Tauraron tsawonsa santimita 30 ne kacal. Suka kai hannu ga kyamararsa da na'urar da ke juya shi, suka kuma nuna cewa za su iya taɓa hoto tun bai sauko ƙasa ba, su rufe wani yanki na doron ƙasa, masu tauraron ba su farga ba. Mu da muka taso muna jin cewa gani ya kori ji, wannan labari bai kamata ya wuce mu haka nan ba. Idan ana iya yi wa hoton da ya fito daga sama kwaskwarima a hanya, da me kuma za a kafa hujja?

Muhawarar da wannan gwaji ya taɓo ta girme shi. Masu ƙera ƙananan taurari sun daɗe suna ja-in-ja: a kulle hotunan da tauraro ke aikowa da mabuɗin sirri, ko kuwa ɗan abin da yake da shi na wuta da ƙwaƙwalwa bai kai a ɗora masa wannan kaya ba? Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Uzurin ƙanƙanta ya daina karɓuwa. Duk tauraron da zai bar ƙasa a yau, ko da na ɗalibai ne, wajibi ne a tsare hanyar da ake ba shi umarni, a kuma buga wa kowane hoto hatimin da zai tona asirin wanda ya taɓa shi. Ɓoye hoton kansa kuwa ya danganta da abin da aka ɗauka da wanda aka ɗauka dominsa. Inda gizo ke saƙar shi ne mabuɗin, da hannun da zai riƙe shi.

Adalci ne a fara sauraron masu uzurin, don ba shirme suke faɗa ba. A 1999 wasu malaman jami'a biyu a jihar Kalifoniya, Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs, suka fito da ma'aunin da ake kira CubeSat: akwati mai santimita 10 ta kowace fuska, nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai. Burinsu ɗalibi ya iya ƙera tauraro kafin ya gama karatu. Wutar da farantan sola na irin wannan akwati ke samarwa ba ta wuce wat ɗaya zuwa biyu. Yana zagaye duniya cikin kimanin minti 90, kusan sulusin tafiyar a inuwar duniya yake yin ta, batir kaɗai ke riƙe da shi. Yakan gilma ta saman tashar da ke sauraronsa na wajen minti 10, sau kaɗan a yini, kuma a cikin waɗannan mintoci ne zai karɓi umarni ya sauke duk abin da ya tara. In ya lalace, babu makanikin da zai hau ya duba shi. Mutumin da ya shekara uku yana tattalin kowane ɗigon wuta, ka zo masa da maganar ƙarin aiki, dole ya ɓata rai. Na fahimce shi. Amma fahimta daban, yarda daban.

Hujjarsu ta farko ba a cika rubuta ta a takarda ba, sai dai ita ce ta fi zama a zuciya: wa ya damu da mu? Wa zai ɓata lokacinsa yana sauraron ɗan akwatinmu? Manyan da suka fi su ƙarfi sun yi irin wannan tunani, sun kuma ji jiki. A watan Disamban 2009 jaridar Wall Street Journal ta fallasa cewa mayaƙa a Iraƙi suna kallon bidiyon da jiragen Amurka marasa matuƙa ke aikowa ƙasa, da wata manhaja mai suna SkyGrabber wadda kuɗinta bai wuce dala 26 ba. Sojojin Amurka sun san ƙofar a buɗe take tun shekarun 1990, suka bar ta a haka bisa zaton abokin gaba ba zai gano ba. A 2020 wani ɗalibin digiri na uku a jami'ar Oxford, James Pavur, ya nuna cewa da kayan kallon talabijin na kimanin dala 300 ana iya tsintar saƙonnin jiragen ruwa da na sama daga taurari. A watan Oktoban 2025 kuma masu bincike daga jami'ar Kalifoniya ta San Diego da jami'ar Maryland suka bayyana abin da suka tara da kayan da ba su wuce dala 800 ba, daga saman rufin gini ɗaya: kusan rabin saƙonnin da suka kama babu kulle a kansu, ciki har da kiran waya da saƙonnin tes na mutane, da maganganun sojoji da 'yan sandan Meziko.

Za a ce mini waɗannan taurarin sadarwa ne da ke tsaye wuri ɗaya a nisan kilomita dubu 36, ka saita musu dish sau ɗaya ka zauna. Ƙaramin tauraro mai ɗaukar hoto kuwa gudun kilomita 7 da rabi yake yi a daƙiƙa, sai an bi shi da eriya. Haka ne. To amma hanyar da kowane tauraro ke bi a buɗe ake wallafa ta a intanet, kuma akwai ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna SatNOGS da ke da ɗaruruwan tashoshi a faɗin duniya, da yawansu haɗin gida ne, kullum suna kama muryar ƙananan taurari. Su don ilimi suke yi. Abin da mai son ilimi ya iya da kuɗin aljihunsa, mai mugun nufi da ke da gwamnati a bayansa zai gagare shi?

Akwai kuma abin da masu cewa "ai hoton daji ne kawai" suke mantawa. Mai satar sauraro ba hoton kaɗai yake samu ba, yana samun labarin inda idonka yake. In tauraron wata ƙasa ya ɗauki kusurwa ɗaya ta dajin Sambisa ko dajin Rugu kwana uku a jere, wanda ya tsinci saƙon ya san ana shirin wani abu a wurin, ko da hoton dishi-dishi ne. In tsaunin da ake zaton akwai ma'adini ne ake ta ɗauka, kamfanin da ya riga ka sani ya riga ka zuwa. Wannan sirri ya fi hoton tsada.

Mafi muni shi ne a bar ƙofar umarni a buɗe. A 2023 Johannes Willbold da abokan aikinsa na jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus suka binciki manhajar taurari uku na gaske, suka sami ramuka masu haɗari a cikinsu, suka kuma yi wa masu ƙera taurari tambayoyi, inda wasu suka amsa cewa nasu ba shi da wani abin da zai hana baƙo ba shi umarni. Tun kafin nan, wani rahoto da aka miƙa wa majalisar dokokin Amurka a 2011 ya ce an yi wa taurarin Landsat-7 da Terra katsalandan a 2007 da 2008. Wanda ya mallaki hanyar umarni ba ya buƙatar satar hoto: zai juya kyamarar ta kalli inda ya so, ko ya kawar da farantan daga rana har batir ya mutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa bangon ma ba a gina shi ba.

Mu zo kan wuta, tunda ita ce a bakin kowa. Tsarin kullen da duniya ta fi dogara da shi sunansa AES, ba ƙawancen ƙasashen Sahel nake nufi ba, wani lissafi ne da 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka tsara, hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta amince da shi a 2001. Shi ne ke tsare kuɗinka a manhajar banki. Mu yi lissafi a fili. Rediyon taurarin ɗalibai da yawa bit 9,600 yake aikawa a daƙiƙa, wato bayit 1,200. A kan ƙananan ƙwaƙwalen kwamfuta irin waɗanda ake sa wa waɗannan taurari, kulle bayit ɗaya da AES yana cin bugu kusan 100 na agogon na'urar. Ka ninka, ka sami bugu dubu 120 a daƙiƙa, alhali na'urar tana yin miliyoyi gommai. Bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinta ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙwaƙwale ma da sashen AES a jikinsu ake sayar da su, yana zaune ba a amfani da shi. Mai cin wutar gaske shi ne rediyon da ke cilla saƙon ƙasa. Hatimin da ake liƙa wa kowane ƙunshin saƙo bayit 16 ne, in ka haɗa da lambar da ke raka shi, ƙarin nauyin a kan ƙunshi mai bayit dubu ba ya wuce kashi biyu zuwa uku cikin ɗari. Wannan ne kayan da aka ce zai karya wa tauraro baya?

Lissafin yana canzawa a taurarin kasuwanci masu sauke ɗaruruwan miliyoyin bit a daƙiƙa, irin su Dove na kamfanin Planet, waɗanda nauyin kowannensu kusan kilo 5 ne amma tarinsu ke ɗaukar kusan dukan doron ƙasa kowace rana. A wannan gudu manhaja kaɗai ba ta isa, sai an keɓe wa kullen nasa sashe a cikin na'ura, kuma wannan kuɗi ne da wuri da wuta. Duk da haka, a 2020 Turai ta harba ƙaramin tauraro ɗauke da gwajin PhiSat-1, mai ƙirƙirarriyar basira da ke duba hotuna tun a sama ta zubar da waɗanda gajimare ya rufe. Wanda ya sami wa wannan wuri, ba zai ce ya rasa wa kulle ba. Sharaɗi ɗaya ne: a matse hoton kafin a kulle shi, domin abin da aka riga aka kulle ba ya matsuwa.

Hujjar da nake girmamawa da gaske ita ce ta lalacewa, kuma a kanta nake so in daɗe. Sararin samaniya cike yake da ƙwayoyin makamashi masu gudun tsiya, wasu daga rana, wasu daga can nesa. Ɗaya daga cikinsu in ta ratsa ma'ajiyar kwamfuta tana iya juya sifili ya koma ɗaya. A saman kudancin tekun Atlantika akwai yankin da garkuwar maganaɗisun duniya ta yi rauni, taurari sun fi shan wannan duka a can. In hoto a buɗe yake kuma ba a matse shi ba, bit ɗaya da ya juye ɗigo ɗaya ne ya ɓaci, ido ma ba zai gani ba. Kulle mai kyau kuwa an gina shi ne yadda canji ƙanƙani zai watsu ko'ina, don kada ɓarawo ya sami bakin zare. Saboda haka in bit ɗaya ya juye ana tsakiyar lissafi, tubalin bayanan da ake kullewa, mai bit 128, gaba ɗaya ya zama shara. In kuwa a cikin mabuɗin ya juye, duk abin da aka kulle daga wannan lokaci babu mai iya buɗe shi, har masu tauraron. In mabuɗin umarni ne, tauraron zai ƙi sauraron iyayengijinsa, yana lafiya lau amma ya zama gawa. Injiniyan da ya ce ya fi tsoron wannan a kan ɗan kutse ba matsoraci ba ne. Ya ga taurari da dama sun mutu saboda kuskuren gida, bai taɓa ganin wanda ɓarawo ya kashe ba.

Amma wannan ciwo an san maganinsa. Tun 2009 Roohi Banu da Tanya Vladimirova na cibiyar sararin samaniya ta jami'ar Surrey a Ingila suka wallafa aiki kan yadda za a sa AES ya gano kuskuren bit ɗaya ya gyara da kansa. Mabuɗi bayit 32 ne a mafi tsawonsa. Ajiye shi a wurare uku, a riƙa kwatanta su ana bin rinjaye, ba ya cin komai. Yadda ake jera tubalan ma zaɓi ne. Akwai salon da kuskuren hanya ke ɓata tubali sukutum ya taɓa na gaba, akwai salon ƙidaya wanda bit ɗaya da ya ɓaci a hanya bit ɗaya ne zai ɓaci a hoto. Akwai kuma salon da ba a yarda a yi wa hoto shi ko kusa, wanda ke kulle kowane tubali shi kaɗai: duk inda launi ya maimaitu kullen ma zai maimaitu, sai ka ga siffar kogi da ta titi suna leƙowa ta cikin abin da aka ce an ɓoye. Hayaniyar hanya kuwa, dabarun gyaran kuskure irin na Reed da Solomon, waɗanda kumbon Voyager ya yi aiki da su, a saman kullen ake ɗora su. Kuma kowane ƙunshi a kulle shi da kansa, don in ɗaya ya faɗi a sake roƙon sa shi kaɗai a zagaye na gaba.

Tarko ɗaya ne nake ganin ya fi kama masu gaggawa. Salon ƙidayar nan yana da doka mai tsauri: lamba ɗaya ba ta maimaituwa a ƙarƙashin mabuɗi ɗaya. Ƙaramin tauraro kuwa yawan mutuwa da farfaɗowa yake yi, batir ya ja baya ya kashe kansa, rana ta fito ya tashi. In duk tashi ƙidayar daga sifili take farawa, mai sauraro zai haɗa saƙonni biyu masu lamba ɗaya ya warware su, har ya kai ga ƙirƙirar hatimin jabu. Kulle yana nan a takarda, a zahiri babu shi. Irin wannan ne ya sa nake cewa kada kowa ya zauna ya tsara nasa. Kwamitin CCSDS, inda manyan hukumomin sararin samaniya ke daidaita ƙa'idojinsu, ya fitar da ƙa'idar tsaron hanyar sadarwar taurari tun 2015, an yi tunanin waɗannan ramuka a cikinta.

Wannan ya kawo ni ga wasu mutane da nake ganin niyyarsu kyakkyawa ce amma hanyarsu ba ta ɓullewa. Mujallun ilimi cike suke da maƙaloli masu cewa AES ya yi nauyi, ga sabon kulle "mara nauyi" na musamman don hotuna: wani ya cakuɗa ɗigogin hoton da lissafin hargitsi, wani ya kulle kashi kaɗan ya bar saura. Sai a nuna hoton ya koma yayyafi, a ce ga shaida. Ido bai gane ba, an ji. Amma ɗan kutse ba da ido yake aiki ba, kuma masana sun sha warware irin waɗannan tsare-tsare bayan an wallafa su. Wasu kamfanoni kuma ɓoye lissafin nasu suke yi, su ce tsaro ke nan. Tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar cewa ƙarfin kulle ya rataya a kan mabuɗi kaɗai, ko da abokin gaba ya san yadda aka ƙera shi. Mutanen Agadas da duk masu ratsa Sahara sun san wayar Thuraya. A 2012 masu bincike a Bochum suka zaƙulo ɓoyayyen lissafin da ke kulle maganganun wayoyin tauraro irinta, suka nuna ana iya fasa shi. Araha ba ta ado. Wanda na'urarsa ta yi ƙanƙanta da gaske, ga Ascon nan, wanda masana a birnin Graz na Ostiriya suka jagoranci tsara shi, aka shekara da shekaru ana dukansa a bainar jama'a bai faɗi ba, NIST ta zaɓe shi a 2023 don ƙananan na'urori, ta kammala ƙa'idarsa a 2025.

Yanzu ga ɓangaren da na fi kusa da shi a zuciya, masu cewa hoton duniya na 'yan duniya ne. Suna da tarihi a bayansu. Da Amurka ta buɗe taskar Landsat kyauta a 2008, amfani da hotunan ya ninka ninkin-ba-ninkin. Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana ba kowa hoton da kowane ɗigonsa ke wakiltar mita 10 na ƙasa ba ko sisi, da shi ɗalibi a Kano ko Maraɗi zai auna yadda tafkin Cadi ke cika da janyewa. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, hoton da ke nuna unguwar da ta nutse da hanyar da ta rage ba abin ɓoyo ba ne, kowane mai kwalekwale ya cancanci ganinsa. Sannan akwai doka: ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta hana ɓoye ma'anar saƙo a zangon rediyon 'yan sa-kai, in ban da umarnin da ake aika wa tauraro. A wannan zango taurarin ɗalibai da yawa suke magana, a cikinsa ne ma aka taɓa jin muryar NigeriaEduSat-1 na jami'ar fasaha ta Akure da GhanaSat-1 na jami'ar All Nations da ke Koforidua, waɗanda aka saki daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2017.

Na yarda da su, har ma in ƙara musu hujja. Kalmar "tsaro" ta sha zama bargon da hukuma ke lulluɓe abin kunya da shi. A 2013 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da hotunan tauraro da ta ce sun nuna gine-gine 2,275 da aka lalata a Baga, lokacin da sojoji ke cewa gidaje 30 ne suka ƙone. A watan Janairun 2015 Amnesty International ta nuna hotunan Baga da Doron Baga bayan harin Boko Haram, gine-gine fiye da 3,700 sun lalace. Da a ce duk wani hoto na sama yana kulle a aljihun gwamnati ɗaya, wa zai yi wa mutanen Baga shaida?

Sai dai ku lura, wannan hujja tasu ɓoyewa ta rusa, ba ta taɓa hatimi ba. Ƙarfafa shi ma ta yi. Hoton Baga ya yi nauyi ne saboda an yarda ba a taɓa shi ba. Yau da ƙirƙirarriyar basira ke zana gari sukutum cikin daƙiƙu, mai laifi zai ce hoton gaske jabu ne, maƙaryaci ya ce nasa na gaske ne. Maganin shi ne tauraro ya sa hannu a kan hoton tun a sama, da mabuɗin da shi kaɗai ke riƙe da shi, a wallafa abokin mabuɗin ga kowa, ɗan jarida da alƙali su iya tantancewa da kansu. Irin wannan sa hannu bayit 64 ya ishe shi a kan hoto guda. Bai ɓoye komai ba, don haka bai karya dokar 'yan sa-kai ba. An ma riga an gwada makamancinsa: tsarin Galileo na Turai, takwaran GPS, ya fara aikin tantance saƙonsa na kyauta a hukumance a watan Yulin 2025. Saƙon a buɗe yake ga kowa, amma na'ura tana iya gane na gaske da na bogi.

Saura masu cewa ɓarawo ba ta sama yake zuwa ba. Su ma gaskiya suka faɗa. Ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta afka wa Yukren, aka kashe dubban na'urorin intanet na tauraron KA-SAT na kamfanin Viasat, har injinan iska 5,800 a Jamus suka yanke daga masu lura da su. Ba a taɓa tauraron ba. Ta wata na'urar shiga da ba a saita daidai ba a ƙasa aka bi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma mabuɗin da ke kwance a kwamfutar da ɗalibai goma ke amfani da ita, ko wanda aka tura ta WhatsApp, ya riga ya zama na kowa. Amma wannan dalili ne na tsare ƙasa da sama tare. Ban ga yadda ya zama dalilin barin sama a buɗe ba.

Kuma daga nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Ƙasashenmu saye suke yi. NigeriaSat-1 da aka harba a watan Satumban 2003 a Surrey aka ƙera shi, haka NigeriaSat-2 na watan Agustan 2011, mai ɗaukar hoton da kowane ɗigonsa ke wakiltar mita 2.5 na ƙasa, wanda aka tsara ya yi shekara 7. A watan Satumban 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan taurarin sadarwa da na sa ido. A 2025 gwamnatin Nijeriya ta sanar da amincewa da samar da sababbin taurari huɗu, ɗaya daga ciki na rada. Wanda ya sayi kwaɗo a hannun mai shago, mai shagon ya riƙe makulli ɗaya cikin uku, ya kulle ɗakinsa daga kowa ban da mutum ɗaya. Ba sai mai sayarwa ya zama mugu ba. Ya isa a ce gwamnatinsa ta canza ra'ayi. A watan Maris na 2025 Amurka ta dakatar da damar da Yukren ke da ita ta samun hotunan kamfanin Maxar ta wani shirin gwamnati, ana tsakiyar yaƙi. An maido bayan 'yan kwanaki, amma kowa ya ga inda igiyar take. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka abin da nake so in ji ana tambaya, a kwamitocin majalisa a Abuja da ofisoshin da ke sa hannu a Yamai, ya wuce "mita nawa kyamarar ke gani". A ina za a haifi mabuɗin, a ɗakin wa, a gaban wa? Bayan an miƙa tauraron, muna iya sauya shi daga tasharmu yadda wanda ya ƙera ba zai san sabon ba? In hoto ya sauka a tashar haya a wata ƙasa, a kulle zai ratsa ta har ya iso gida, ko a can za a buɗe shi? Mutum nawa ne sai sun haɗu kafin a taɓa babban mabuɗin, kuma in ɗaya ya yi ritaya ko ya rasu fa? Ana iya sabunta manhajar kullen daga ƙasa? Wannan ta ƙarshe ba ƙawa ba ce. A watan Agustan 2024 NIST ta fitar da sababbin ƙa'idoji don ranar da kwamfutocin kwantam za su iya karya hanyoyin musayar mabuɗi da na sa hannu da ake amfani da su yanzu, kuma tauraron da aka harba bana zai iya kai shekara 10 yana aiki. Wanda ya naɗi saƙonka yau yana iya ajiye shi ya jira. Ba a fafe gora ranar tafiya, tauraro kuwa in ya tafi ya tafi.

Ba abin da ya fi ƙarfinmu a nan. NigeriaSat-X, wanda aka harba rana ɗaya da NigeriaSat-2, injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a Surrey, domin an rubuta horar da su a cikin cinikin. Haka za a rubuta maganar mabuɗi, da sunan waɗanda za a koya wa riƙonsa, kafin a biya kason farko na kuɗin. Jami'o'inmu da ke shirin ƙera nasu ƙananan taurarin kuma su sa ɗalibin lissafi ko na tsaron kwamfuta a cikin tawagar tun ranar da aka fara zane, a ba shi ikon cewa ba a shirya ba, daidai da mai kula da batir.